Wa Ya Faɗa, a Ina Ya Samo? Zangon da Na Koyar Tare da Ma'aikaciyar Laburare

Duk ɗalibin da ya zo hannuna a aji uku ya riga ya ci kwas ɗin amfani da laburare tun yana aji ɗaya, cikin darussan bai-ɗaya da ake kira GST. Ana tara su ɗaruruwa a babban zaure, a karanta musu ma'anar laburare da ire-irensa, su haddace sunan Melvil Dewey da shekarar 1876 da ya fitar da tsarinsa na jera littattafai, su rubuta jarrabawa, su wuce. Bayan shekara biyu, idan suka zauna gabana a darasin Hanyoyin Bincike a Tsangayar Ilimi, babu abin da ya rage musu daga wancan kwas sai makin da ke takardar sakamako. Ban ɗora musu laifin duka ba. An koya musu nema ne a lokacin da ba su da abin nema, wasu ma ko rajista ba su gama ba aka fara laccar.

Inda abin ke fitowa fili shi ne babi na biyu na furojet ɗin kammala digiri, wato bitar ayyukan da suka gabata. Za ka ga sakin layi ɗaya Turancinsa tsaf, na ƙasa da shi kuma da ƙyar za ka gane abin da ake nufi. Akwai sunaye a cikin rubutu da babu su a manazarta, akwai na manazarta da babu su a cikin rubutu. Kusan kowa yana rubuta "in ji Fafunwa, 1974", kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa riƙe littafin a hannunsa. Ana kafa hujja da Manufar Ilimi ta Ƙasa bugun 2004, alhali akwai bugun 2013. Bayan ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya fito a ƙarshen 2022 kuma sai ga wani sabon salo: manazarta masu kyawun tsari, ga sunan marubuci, ga shekara, ga sunan mujalla har da lambar shafi, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba.

Shi ya sa kafin a shiga zango na nufi laburare, na nemi ganin Hajiyar da ke shugabantar sashen taimaka wa masu bincike. Ta girme ni, ta kuma riga ni zuwa jami'ar da shekaru. Bayan mun gaisa na roƙe ta ta zo ta yi wa ɗalibaina lacca guda a kan neman madogara. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce:

"Dakta, irin wannan laccar na sha yin ta. Malami ya kawo mini yaransa ya tafi sabgarsa, in yi ta zuba awa biyu suna danne-dannen waya, a tashi. In haka kake so zan yi maka don zumunci, amma ba za ta tsinana musu komai ba."

Na ce to ta faɗa mini yadda take ganin za a yi. Ta ce sai kowane ɗalibi ya zo da tambayar da shi kansa yake son amsawa, kuma sai aikin yana da maki. Ni ma sai na zauna a ajin daga farko har ƙarshe, domin ɗalibi yana auna nauyin darasi ne da fuskar wanda zai ba shi maki. Ta kuma nemi in ba ta tsarin kwas ɗin da tambayoyin aikin tun kafin ɗalibai su gani, ta duba ko abin da zan tura su nema yana nan ko ba ya nan. Wannan sharaɗin ya fi kowanne shiga raina. Mu malamai mukan ba da aiki a kan littafin da muka karanta a wata jami'ar shekara ashirin baya, mu bar ma'aikatan laburare da yara sun yi cirko-cirko a gaban kanta suna neman abin da ba a taɓa sayowa ba.

A wurinmu jarrabawa tana ɗaukar maki 60, aikin zango 40. Na ware 25 daga cikin 40 ɗin don wannan aiki. Shugaban sashe bai hana ba, iyaka dai ya ce kada mu ci lokacin wani malami. Nan aka fara lissafi. Ajin ya haura mutum ɗari biyu, kwamfutocin da ke aiki a ɗakin intanet na laburaren kuwa ba su kai rubu'in haka ba, don haka dole a kasa su rukuni-rukuni. Yamma ba ta yiwuwa ga matan aure da masu zuwa daga cikin gari. Juma'a rabin yini ce, Lahadi kuma ta masu zuwa coci ce. Ga batun wuta. Hajiya ta san lokacin da ake tayar da janareta da lokacin da ake kashe shi, a kan wannan muka gina jadawalinmu, muka haɗa da safiyar Asabar.

Zaman farko ba mu taɓa kwamfuta ba. Da yawansu ranar suka karɓi katin laburare, wanda tun aji ɗaya aka cire kuɗinsa a cikin kuɗin rajista. Laburarenmu, kamar yawancin na jami'o'in ƙasar nan, tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yake bi, ba na Dewey da suka haddace ba. A wannan tsari harafin L shi ne na ilimi: LA tarihin ilimi, LB nazari da dabarun koyarwa. Hajiya ta nuna musu yadda ake ɗauko lambar littafi daga katalog, a rubuta ta a takarda, a bi ta kanta-kanta. Aikin da muka ba su ɗaya ne: kowa ya zaɓi wani marubuci da ya taɓa ambata a aikinsa, ya nemo littafin, ya buɗe shafin da maganar take.

Wata ɗaliba mai son yin bincike a kan makarantun allo ita ta fara dawowa da littafin Fafunwa na tarihin ilimi a Najeriya. Bangon ya saɓule, an manne shi da salatif, takardun sun yi ja. Ta zauna ta ajiye handawut ɗinta a gefe tana gwada su layi-layi da yatsa. Can ta ɗago ta ce, "Malam, ai ba haka ya rubuta ba, sun yanke rabin maganar." Ta ci gaba da buɗawa sai ta tarar da babi sukutum a kan ilimin Musulunci a Najeriya, abin da ta yi ta nema a waya ba ta samu ba. Hajiya ta ce mata, "'Yata, koma inda kika ɗauko shi, ki duba na damansa da na hagunsa. Ba a jera su da ka ba, duk maganarsu ɗaya." Ta dawo da wasu littattafan a rungume. Gani ya kori ji.

A ɗakin intanet muka ga yadda suke bincike. Mutum zai kwafe sunan furojet ɗinsa gaba ɗaya, kalma goma sha biyar, ya zuba wa Google. Abin da ke fitowa a sama kuwa shagunan sayar da furojet ne, masu cewa ka turo kuɗi a turo maka babi na ɗaya zuwa na biyar. Hajiya ta sa kowa ya ɗauki biro ya ja layi a ƙarƙashin kalma biyu ko uku da su ne ƙashin bayan taken nasa, ya watsar da sauran. Sannan a ƙarƙashin kowace kalma ya jera sauran sunayen da wani marubuci zai iya kiran abin da su. Mai binciken almajirci sai ya gwada almajiri, almajirai, almajiranci, tsangaya, da yadda masu rubutu da Turanci ke kiran makarantun Alƙur'ani, domin kowanne da abin da yake fitowa da shi. Ta nuna musu yadda ake killace jimla da alamar zance don kada na'urar ta tarwatsa ta, da yadda ake taƙaita shekaru a Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun ilimi, da ɗan mahaɗin nan da ke ƙarƙashin kowace maƙala mai nuna waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya. Da shi ake tashi daga aikin 2005 a iso na bana.

Daga nan ta buɗe musu rumbunan da ba su san da su ba. AJOL, wanda aka fara a 1998, ya tara ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma na Najeriya suna da yawa a ciki. ERIC na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ne, an keɓe shi ga fanninmu, bincike a cikinsa kyauta ne. DOAJ, wanda aka fara a 2003 a Jami'ar Lund ta Suwidin, jerin mujallu ne da ake karantawa ba biya. Sai Research4Life, da ya samo asali daga shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, inda cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke samun mujallu masu tsada kyauta ko a farashi mai rahusa. Wani rumbun da jami'a ke biya mun tarar wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba, muka haƙura da shi. Da yake yawancinsu ba su da kwamfuta, Hajiya ta dage a maimaita komai a waya, ta kuma ce su riƙa sauke maƙalu tun suna cikin laburare don kada datarsu ta ƙare a gida.

Zaman da ya fi kowanne tsayawa mini shi ne na alƙaluma. Mako guda kafin nan na ba su tambaya: yara nawa ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya? Kowa ya zo da amsa da inda ya samo ta. Muka rubuta a allo. Wani ya ce miliyan 10.5, wani miliyan 13.2, wani miliyan 18.5, wani miliyan 20. Kowa kuma ya haƙiƙance tasa ce daidai. Hajiya ta ce ba za mu yi gardama ba, za mu bi sawu. Ta kira wani yaro ya fito ya buɗe madogararsa a gaban kowa. Shafin wani mutum ne a intanet. Ta ce, shi a ina ya samo? Aka duba, daga wata jarida. Jaridar fa? Daga jawabin wani jami'in gwamnati a wurin taro. Shi jami'in? Ya ce UNICEF ce ta faɗa. Hannu huɗu ke nan, har yanzu ba mu ga UNICEF da idonmu ba.

Da muka isa shafin UNICEF ɗin sai muka tarar da abin da duk masu kwafowa suka yar a hanya: miliyan 10.5 ɗin na yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14. Adadin nan na kusan miliyan 20 kuwa UNESCO ce ta fitar a watan Satumba na 2022, kuma ya haɗa daga 'yan shekara 6 har zuwa 18, wato har da 'yan babbar sakandare. Ashe ba ƙarya wani ya yi ba, abin da aka ƙirga ne ya bambanta, da shekarar da aka ƙirga, da hanyar ƙirgawar. Na tuna musu cewa rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne da 'yan kai. Duk adadin da ya zo bayan nan ƙiyasi ne da aka gina a kan binciken gida-gida da lissafin ƙaruwar jama'a. Ƙiyasi ba abin zargi ba ne, da shi ake aiki a ko'ina. Amma wanda ya rubuta shi a furojet wajibi ne ya faɗi na waye, na wace shekara, na yara masu wane shekaru.

A shafin UNICEF ɗin dai wata ɗaliba ta karanto wani layi da ya tayar da ajin: cewa yaran da karatun allo kawai suke yi, hukuma tana lissafa su cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta. Wani ɗalibi da ya yi tsangaya har ya sauke kafin ya shiga boko ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ke nan shekarun da na yi ina karatu dare da rana, a cikin wannan miliyoyin aka sa ni?" Na ce masa ƙwarai kuwa. Aka yi ta musu, wasu na cewa daidai ne tunda ba a koyar da lissafi da karatun boko a can, wasu na cewa an raina karatun da ya girmi boko a ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. Ban raba gardamar ba, domin ba ita ce darasin ranar ba. Abin da nake so su gani sun gani: kafin a ƙirga sai da wani ya zauna ya yanke mene ne makaranta, kuma mai bincike yana da haƙƙin ya san wanda ya yanke da dalilinsa.

Shi dai wannan ɗalibin ne ya ba mu abin da muka yi aiki da shi har ƙarshen zango. Ya ce wa Hajiya, "Hajiya, wannan ai isnadi ne. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama." Hajiya ta ce ya bayyana wa 'yan'uwansa da ba su yi wannan karatun ba, domin akwai Kiristoci da yawa a ajin. Ya yi bayani a taƙaice: malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, ko salsalar ta haɗu ko ta yanke, ko mai ruwayar amintacce ne, ko yana kiyaye abin da ya ji. Ni dai abin da ya ba ni takaici shi ne, yaron da ba zai yarda a kawo masa hadisi ba tare da ya tambayi ingancinsa ba, shi ne zai kwashi alƙaluma daga WhatsApp ya zuba a furojet ba tambaya. Ɗabi'ar tana nan a jikinsu, ba a dai taɓa ce musu ta shafi boko ba. Daga ranar muka fitar da abin da muka kira takardar salsala. Duk wata magana mai nauyi da ɗalibi zai sa a aikinsa, sai ya cika mata layi: wa ya faɗa, yaushe, shi a ina ya samo, kuma ni na ga asalin da idona ko ji na yi.

Game da shafukan intanet, Hajiya ba ta yarda da a zauna ana ƙare wa shafi kallo don a gane ingancinsa ba. Tambari da hoto da kyawun tsari kowa na iya yi. Ta ba su labarin binciken da Sam Wineburg da Sarah McGrew suka yi a Jami'ar Stanford a 2017, inda suka gwada ɗalibai da malaman tarihi da ƙwararrun masu tantance labarai. Ƙwararrun sun yi zarra ne domin ba sa daɗewa a shafin, nan da nan suke fita su buɗe wasu shafukan su ga me ake cewa game da masu shi. Na tambayi ajin wa ya tuna daren da aka tashe su wanka da ruwan gishiri a watan Agusta na 2014, lokacin Ebola. Hannaye suka tashi ko'ina. Na ce wa ya fara faɗar maganar? Babu wanda ya sani, ga shi kuwa har rayuka an rasa a kanta.

Da muka zo kan mujallu sai zancen ya yi nauyi. Hajiya ta nuna musu irin mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga: suna mai faɗi da ya haɗa noma da likitanci da adabi a wuri guda, alƙawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, kwamitin editoci da ba a san inda suke aiki ba. Ta ce wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayensu har ya rufe jerin nasa a Janairun 2017, saboda haka yanzu sai mutum ya koyi dubawa da kansa: ko mujallar tana DOAJ ko AJOL, ko ta bayyana yadda take tantance maƙala. Ana cikin dubawa sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to malamanmu da muke ganin sunansu a irin waɗannan fa?" Ajin ya yi tsit.

Na gaya masa gaskiya. Ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalu ake samunsa, kuma inda aka fi ƙirga yawa a kan inganci dole wasu su bi hanya mai sauƙi, wasu kuma yaudararsu aka yi ba su sani ba. Na ce kada ya raina malaminsa, kada kuma ya karɓi maƙala don sunan da ke kanta. Ya buɗe ta ya ga mutum nawa aka tambaya, a ina, ta yaya aka zaɓe su, ko sakamakon ya fito daga bayanan da aka nuna. Na kuma ja kunnensu a kan ɗaya ɓangaren, domin na ga wasu sun fara ɗauka duk abin da aka buga a gida banza ne. Ba haka ba ne. Akwai mujallun sassa da tsangayoyi na jami'o'inmu da ba sa cikin kowane babban rumbu, amma a cikinsu za ka sami wanda ya shiga ƙauyukan Jigawa ko Zamfara ya zauna da iyaye ya tambaye su dalilin cire 'ya'yansu mata daga makaranta.

Batun ƙirƙirarriyar basira ba mu hana ba, domin hanin da ba ka da ikon tsarewa ɓata baki ne. A gabansu muka nemi ChatGPT ya ba mu manazarta a kan ilimin 'ya'ya mata a Arewa, muka raba wa rukunoni su nemo kowace. Wasu an same su. Wasu marubucin yana nan amma bai taɓa rubuta wannan maƙalar ba. Wasu kuwa babu su babu dalilinsu. Daga nan ƙa'idar ta fito da kanta: duk abin da ka sa a manazarta, ka haɗo da hoton shafinsa na farko.

Satar rubutu kuwa na daɗe da lura cewa ba kullum lalaci ke jawo ta ba. Sau da yawa tsoron Turanci ne. Yaro ya fahimci abin da ya karanta, amma yana ganin in ya faɗa da bakinsa zai ɓata, sai ya kwafe don ya tsira. Abin da muka yi shi ne, ɗalibi ya karanta sakin layi, ya kife takardar, ya juya ya gaya wa na kusa da shi abin da marubucin ke nufi, da Hausa ko da duk harshen da suka haɗu a kai. In na kusan ya gane, sai ya rubuta da Turancinsa, ya sa sunan mai maganar. Na yi musu alƙawarin cewa kuskuren nahawu ba zai ci musu maki kamar yadda kwafe zai ci ba, na kuma cika. Tsarin rubuta manazarta na APA bugu na 7 da muke bi Hajiya ta koyar cikin ɗan lokaci. Masu kwamfuta ta ɗora musu Zotero, manhajar tara manazarta ta kyauta, sauran kuma ta ce su ware littafin rubutu guda, su riƙa shigar da cikakken bayanin duk abin da suka karanta tun a ranar, ba sai daren miƙa aiki ba.

Akwai kuma abin da babu shi a kowane rumbu. Wanda ke binciken tsangaya dole ya je ya durƙusa gaban alaramma. Wanda ke tarihin wata makarantar Midil sai ya dangana da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, ko ya nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Mun nuna musu yadda ake rubuta hira a manazarta, da neman izinin mai magana kafin a ɗauki muryarsa. Takardar salsala ta yi aiki a nan ma: dattijon da ya ba ka labarin, yana wurin aka yi ko shi ma ba shi aka yi?

Tare muka duba ayyukan. Hajiya da wasu ma'aikatanta biyu suka bi manazarta suna tabbatar da su, ni kuma na bi hujja da tsarin tunani. Ba kowa ya sauya ba. An sami waɗanda suka je shagon kwamfuta aka haɗa musu komai har da takardar salsalar, kuma tambaya ɗaya ta baki ta isa ta tona su. An sami waɗanda sana'a ko reno ya hana su zuwa zaman Asabar, kuma aikinsu ya nuna. Amma mafi yawa sun kawo manazarta kaɗan waɗanda suka karanta da gaske, maimakon shafi uku na sunayen da ba su sani ba. Aikin da ya fi kowanne maki na wata ce mai raunin Turanci. Ta kawo alƙaluma biyu masu saɓani a kan shigar yara mata makaranta a jiharta, ta bayyana inda kowanne ya fito, ta faɗi wanda ta ɗauka da dalilinta. Da na tambaye ta a baki, ba ta duba takarda ba ta amsa.

Abin da ya dame ni bayan an gama shi ne, duk wahalar da Hajiya ta sha babu inda aka rubuta ta. Ma'aikatan laburare na jami'a suna cikin sahun malamai, ana neman maƙalu a wurinsu kafin a ƙara musu girma, amma sunanta ba ya jadawalin kwas ɗin, awannin da ta koyar ba sa cikin lissafin aikinta. Abin da aka gina a kan zumunci, ranar da aka yi wa ɗayanmu canjin wurin aiki ya rushe. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, don haka muka rubuta takarda tare muka kai taron sashe, muna neman a shigar da wannan aiki cikin kwas ɗin a hukumance, da sunan laburare a kai.

Sashe ya amince da abu ɗaya nan take: kowane mai duba furojet zai nemi takardar salsala tare da babi na biyu. Batun lissafa awannin ma'aikatan laburare da na man janareta an tura shi kwamitin tsangaya, yana can har yanzu. Malamar da ke koyar da Gwaji da Aunawa ta riga ta kai wa Hajiya tsarin kwas ɗinta na zango mai zuwa, Hajiya kuma ta ce mata ba za ta iya ɗaukar aji biyu ita kaɗai ba, don haka ta fara horar da ma'aikatan nan biyu da suka taya mu duba manazarta, ɗaya zai shiga ajina, ɗaya ajin malamar.